Tara, Takardu da Tsadar Mai: Tambayoyin Direbobin Hanyar Kano zuwa Haɗejia

Na yi shekaru ina jan bas tsakanin garinmu da tashar Yankaba, kafin ciwon baya ya zaunar da ni a ofishin tasha, inda nake rubuta layin motoci. Wanda ke zaune a wannan benci kunnensa ba ya hutawa. Wannan ya dawo an karɓe masa lasisi, wancan an rubuta masa tara bai san inda ake biya ba, wani kuma ya zauna yana ƙirga kuɗin mai da yatsu ya ga yinin bai fitar da shi ba. Tambayoyin nan su ne waɗanda aka fi maimaita mini, daga direbobi da 'yan acaɓa da masu zuwa cin kasuwa.

Su wa ke da ikon tsayar da ni a hanya?

Iri huɗu za ka fi haɗuwa da su. Na farko jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, waɗanda muke kira 'yan Rod Sefti. Hukumar tarayya ce, an kafa ta a 1988 zamanin Janar Ibrahim Babangida, Farfesa Wole Soyinka ne shugabanta na farko, kuma dokar da take aiki da ita yanzu ta 2007 ce. Lasisi, bel, taya, gudu da lodi su ne abin da suka fi dubawa. Na biyu VIO, ma'aikatan jiha masu tantance ko mota ta cancanci hawa titi. Na uku 'yan sanda. Na huɗu, idan ka shiga Kano, 'yan KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta jihar Kano da gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta kafa a 2012. Sun fi yawa a cikin birni da mashigarsa, kuma abin da ya fi jefa mutum hannunsu shi ne tsayawa inda aka hana, ɗaukar fasinja a tsakiyar titi, bin hannun da ba naka ba, da ƙetare danja. Direban ƙauye da ya saba taka birki duk inda aka ɗaga masa hannu, a nan yake fara shiga uku.

Akwai maganar da ta bazu a tashoshi cewa kotu ta hana VIO kama mota. Tushenta hukuncin da Babbar Kotun Tarayya ta yanke a Abuja a watan Oktoban 2024, kuma a kan hukumar da ke aiki a Abuja aka yanke shi. Jihohi suna da nasu dokokin. Kada ka ɗauko hukuncin Abuja ka je kana karanta wa jami'i shi a Gezawa ko Ringim.

An rubuta mini takardar tara. Daga nan sai me?

Kafin ka bar wurin, karanta ta, ko ka ba wanda ya iya karatu a cikin motar ya karanta maka. Duba abu huɗu: lambar motarka daidai take, wane laifi aka rubuta, nawa ne kuɗin, kuma wane ofishi za ka je. Idan an riƙe lasisinka ko takardun mota, ka tabbata an rubuta hakan a jiki, domin wannan takarda ita ce shaidarka a gaba cewa lasisin yana hannun hukuma, ba wai ba ka da shi ba ne. Ɗauke ta hoto da waya tun ba ta jiƙe da gumi a aljihu ba.

Tarar FRSC ba a hannu ake biyanta ba. Tun da aka tilasta tsarin asusun bai-ɗaya na gwamnatin tarayya a 2015, ta Remita, manhajar biyan kuɗin gwamnati ta intanet, ake biya: a fitar maka da lambar biya, ka kai banki ko ka biya ta waya, a ba ka rasit. Da rasit ɗin za ka koma ofishin da aka rubuta, sau da yawa a zaunar da ku a yi muku ɗan jawabi kan dokokin hanya, sannan a mayar maka da abin da aka riƙe. Tarar hukumar jiha kuwa asusun gwamnatin jiha take shiga. A garin da babu banki, masu shagon kwamfuta da wasu masu POS suna iya yi maka, amma ka tsaya a kansu ka ga sunan da ya fito a rasit. Idan sunan wani mutum ne ya fito maimakon na hukuma, ba tara ka biya ba.

Nawa ne kuɗin tarar?

A jadawalin FRSC da aka daɗe ana amfani da shi, rashin ɗaura bel ₦2,000 ne, haka hawa babur ba hular kwano. Gudun da ya wuce ƙa'ida ₦3,000, sudaddiyar taya ₦3,000, rashin tukunyar kashe gobara ₦3,000. Amsa waya kana tuƙi ₦4,000. Obalodi ₦10,000, tuƙi ba lasisi ₦10,000. Tuƙin ganganci shi ne babba, ₦50,000. Farashi yana iya sauyawa, don haka abin da aka rubuta a takardarka da abin da Remita ta nuna su ne abin riƙo. Kuma laifuffukan suna haɗuwa: mota ɗaya tana iya kwasar uku a tsayawa ɗaya, ga kuma maki da ake rubutawa a lasisin direba, waɗanda idan suka taru ana iya dakatar da shi.

Me zai hana in miƙa na goro kawai in wuce? Ai ya fi sauƙi.

Wannan ita ce tambayar da aka fi yi mini, kuma a kanta na fi jin ciwo, domin ni ma na yi wannan lissafin shekaru da dama.

Wata rana da damina na taso da fitilar baya ɗaya a mace. A shingen farko aka nuna mini ita, na duƙunƙune kuɗi a tafin hannu na miƙa ta taga, aka ɗaga mini hannu. Ban yi nisa ba aka sake tsayar da ni a kan fitilar nan, na sake miƙawa. Da zan dawo da yamma, sau na uku. Da na zauna da daddare ina ware kuɗin mai da na mai mota, sai na ga abin da na rabar a hanya ya sayi ƙwan fitilar har da canji, ga shi kuma fitilar tana nan a mace, gobe ma haka za a yi. Ba ni da takarda ko ɗaya da zan nuna. Kuɗin da ba rasit ba ya kashe laifi, jinkirta shi kawai yake yi zuwa shinge na gaba.

Akwai abin da ya fi wannan muni. Ranar da ka fara miƙawa, ka sanar da su cewa motarka mai bayarwa ce. Za a gane ta daga nesa. Ko ranar da komai naka ya cika sai an nemo abin da za a ce, kai kuma ba ka da bakin musu tunda kai ka fara. Sannan doka ta ɗauki tayin cin hanci ga jami'in FRSC a matsayin laifi mai zaman kansa, tararsa ₦10,000, kuma yana iya kai ka gaban alƙali.

Na san amsar da za a ba ni. Wani yaro da ke jan Sharon ya taɓa ce mini, "Baba, kai kana zaune a inuwa. Ni ina da fasinja tara a mota, ga mai awaki zai kama kasuwar Gujungu, in tsaya neman banki?" Gaskiya ya faɗa, ban ƙaryata shi ba. Tarar gaskiya tana cin yini, kuma yinin direba shi ne tuwon gidansa. Abin da na ce masa shi ne: ɗana, yinin da za ka rasa ɗaya ne, amma ɗari biyar-ɗari biyar ɗin nan kullum ne, shekara da shekaru. Kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Gyara fitilar, sabunta takardar, ka ga ko bakinka ba zai buɗe ba idan an tsayar da kai.

Idan ban aikata laifin da aka rubuta ba fa?

Biyan tara yana nufin ka amsa laifi ka zaɓi kada a kai ka kotu. Idan ba ka yarda ba, kana da damar cewa a kai maganar gaban alƙali, ko kotun majistare ko kotun tafi-da-gidanka da ake zaunarwa a bakin hanya a wasu lokuta. Kafin nan kana iya zuwa ofishin ka nemi ganin shugaban wurin ka yi bayani. Na ga waɗanda aka soke musu a wannan mataki saboda sun zo da hujja.

Hujja ita ce komai. Hoton taya da lambobin jikinta, hoton inda ka tsaya da ke nuna babu alamar hani, lambar wayar fasinjan da ya gani da idonsa. Bakin titi ba wurin shari'a ba ne. Ka ce, "Yallaɓai, ban yarda na yi ba, amma rubuta mini, zan zo ofis." Kada ka zagi kowa, kada ka riƙe rigar kowa, kada ka tara jama'a. Hana jami'i aikinsa da taɓa lafiyarsa laifuffuka ne daban, kuma da yawa sun tafi da ƙaramar magana sun dawo da babba. Abin da ya fi duka haɗari shi ne gudu. Direban da ya fizgi mota don tsere wa tarar ₦2,000 da mutum goma sha huɗu a bayansa, ba ransa kaɗai ya sa a caca ba.

An tsare motata a ofis. Me ya kamata in sani?

Kwashe kuɗi da waya da kayan fasinja kafin ka miƙa makulli, ka ɗauki hoton motar ta kowane gefe har da safaya da batir. A tsarin FRSC akwai kuɗin ajiya da ke fara hawa bayan awa 24, ₦200 a kowace rana a tsohon jadawali. Ba shi ne asarar ba, asarar ita ce motar haya a tsaye. Ka sanar da mai mota da shugabannin tasha nan take, kada kunya ta sa ka ɓoye har kwana uku.

Waɗanne takardu da kaya ne ba a fita ba tare da su ba?

Lasisin tuƙi mai rai, na shekara uku ko na biyar, kuma na ajin motar da kake ja. Lasisin mota, takardar cancantar hawa titi, shaidar mallaka, da inshora. A cikin but kuma safaya mai iska, jak, tukunyar kashe gobara da wa'adinta bai ƙare ba, da alamar nan mai kusurwa uku da ake ajiyewa idan mota ta mutu.

Inshora tana bukatar ƙarin bayani. Daga Janairun 2023 kuɗin inshorar da ke kare wanda ka yi wa ɓarna ya tashi daga ₦5,000 zuwa ₦15,000 ga motar gida, kuma tana biyan ɓarnar dukiya har naira miliyan uku. Daga 1 ga Fabrairun 2025 'yan sanda suka fara matsa lamba a kanta. Yawancinmu muna ɗaukarta takardar nuna wa jami'i kawai, shi ya sa 'yan tsakani ke sayar mana da ta bogi a ƙarƙashin bishiya. Wadda aka ba ka a farashin da bai kai na hukuma ba, ka yi shakkarta. Ranar da ka bugi motar wani ko ka take masa sa a hanya, ranar za ka san bambancin.

Ni ɗan acaɓa ne, ban wuce ƙauyukanmu. Ni ma sai da lasisi?

E. Babur yana da ajinsa na lasisi, yana bukatar lamba da takardu, kuma shekara 18 ce mafi ƙarancin shekarun tuƙi. Yaran da muke ɗora wa babur su kai taki gona, ranar da suka hau kwalta doka ta hau kansu. Ka kuma tuna an hana acaɓa a cikin birnin Kano tun Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero. Idan ka ɗauko fasinja daga ƙauye, ka sauke shi a bakin gari ya hau adaidaita sahu.

Masu ajiye katako mai ƙusoshi suna neman kuɗin sitika fa?

Tun 1998 aka yi dokar tarayya da ta hana kafa shinge a hanya don karɓar haraji. Haraji na gaskiya yana da ofis da rasit mai sunan ƙaramar hukuma ko jiha. Kada ka yi faɗa da mai katako kai kaɗai. Riƙe wurin da ranar, ka kawo wa shugabannin ƙungiya. Ƙorafin tasha guda ya fi na mutum ɗaya nauyi.

Me ya sa man fetur ya fi tsada a wajenmu fiye da Legas?

Saboda a bayan tanka yake zuwa, tafiyar fiye da kilomita dubu daga bakin teku, kuma tankar da man dizal take tafiya, wanda shi ma tsada gare shi. Da can akwai asusun daidaita farashi da aka kafa a 1975, wanda ke biyan kuɗin dakon don litar Haɗejia ta yi kusa da ta Legas. Da aka saki farashi wannan ya kau, kuɗin dako ya dawo kan mai saye. Matatar Kaduna da ya kamata ta ciyar da Arewa ta yi shekaru ba ta aiki, ita kuwa matatar Ɗangote da ta fara fitar da fetur a Satumban 2024 a Legas take, nisan bai ragu ba. Daga gidan mai na bakin babban titi zuwa ɗan bumburutu mai galan a ƙauye kuma, wani ƙarin ne.

Mun ga tashin farashi a baya. A Janairun 2012 lita ta tashi daga ₦65 zuwa ₦141, aka yi zanga-zanga ta dawo ₦97. A Mayun 2016 ta koma ₦145. Amma babu wanda ya kai na ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafi a jawabin rantsuwarsa. Litar da ba ta kai ₦200 ba ta haura ₦500 cikin kwanaki, kuma a Oktoban 2024 ta haura ₦1,000 a wurare da yawa.

To tunda mai ya yi tsada, me ya sa har yanzu ake cunkoso?

Motoci sun ragu, wannan ba musu. Makonnin farko bayan cire tallafi, ina zaune a bakin tasha sai in daɗe ban ga motar gida ta gifta ba. Malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da ke zuwa da motocinsu suka jingine su suka koma babur. Zuwa biki da gaisuwar mutuwa a gari mai nisa ya koma ta waya. Har jihohin Kwara da Edo sai da suka rage wa ma'aikata ranakun zuwa ofis a lokacin. Amma tafiyar da ta ragu ta ganin dama ce. Tafiyar dole tana nan: manomi sai ya kai amfaninsa kasuwa, mara lafiya sai an kai shi asibiti. Kuma cunkoson karkara dama can ba yawan motoci ke kawo shi ba, wuri da rana ke kawo shi.

Dubi ranar kasuwa. Mutumin da a da yake shiga gari sau uku a mako, yanzu ya tara bukatunsa duka ya haɗa su a rana ɗaya. Sai Litinin da Talata hanya ta zama fayau, amma Juma'a a Wudil, Lahadi a Gujungu da Ɗambatta, Alhamis a Maigatari, kowa ya fito lokaci guda. Waɗannan kasuwanni kuma a kan titi suke, ko sun cika sun tumbatso kansa. A Wudil ga gada, duk abin da ya fito daga Kano zai nufi Dutse ko Maiduguri ta nan zai bi. Tirela ɗaya ta tsaya lodin shanu a gefen hanya, an gama.

Sai layin gidan mai. Idan wani gida ya fi maƙwabcinsa sauƙi da naira ashirin ko talatin a lita, nan kowa zai tattaru, layi ya fito ya cinye hannu ɗaya na titi, babura su yi nasu layin a gefe. Da lita tana da araha ba wanda zai ɓata awa guda saboda wannan bambanci. Yanzu mai cika tanki yana ganin kuɗin cefane ne.

Sai lodi a bakin titi. Fasinja ya yi ƙaranci, mota tana daɗewa ba ta cika a tasha ba, ga kuɗin tasha da na 'yan kamasho. Sai direbobi su fice su yi ta tsintar fasinja a kwana, fasinjan ma ya fi son haka don yana samun ragi. Duk kwanar da mota biyar suka tsaya kira, ta zama tasha ba tare da fili ba.

Sai mutuwar mota. Kuɗin da ya kamata ya tafi wajen bakanike mai ya cinye shi. Ana sayen lita biyar-biyar maimakon cika tanki, mota ta shanye a tsakiyar hanya, yaron mota ya ɗauki galan ya tafi nema, a karyo ganye a zuba a baya. A titi mai hannu biyu kacal, wannan kaɗai ya isa ya tara motoci.

Na ƙarshe, abin hawa mai tafiyar hawainiya ya dawo kwalta: keke, amalanken shanu, jaki, adaidaita da ta ɗauko buhu shida. Ga shanyar amfanin gona a gefen titi da kaka. Tafiyar kowa ta koma ta wanda ya fi kowa jinkiri, sai masu gaggawa su fara wuce na gaba inda bai kamata ba.

Idan ban ƙara fasinja ba, ba zan fita ba. Obalodi ba dole ba ne yanzu?

Bari mu yi lissafin tare. A ƙaddara bas ɗinka tana shan lita 25 zuwa da dawowa. A ₦195 kuɗin mai ₦4,875 ne. A ₦1,000 ya zama ₦25,000, ninki biyar ke nan da ɗoriya. Kuɗin mota kuwa bai ninka biyar ba, domin fasinjan ba shi da shi. Ka ƙara da yawa ya fasa tafiyar. Wannan giɓin shi direba ke cikewa da jikin mutane: biyu a kujerar gaba, wani lokaci har da na uku da ke raba kujera da direban, giya tana tsakanin ƙafafunsa. But a buɗe an ɗaure da igiya, buhunan gero sun leƙo, akuya a kansu, bayan motar ya kusa taɓa ƙasa. Ban ce wanda ke yin haka mugu ba ne. Mutum ne da lissafi ya ƙi masa.

Amma lissafin bai ƙare a nan ba. Nauyi yana ƙara shan mai. Yana cin taya, yana karya sifirin, yana sa birki ya ƙi kamawa a inda ya saba. Tara ɗaya ta ₦10,000 da yinin da za ta ci suna share ribar ƙarin fasinja na kwanaki. Tayar da ta fashe a guje da lodi ya wuce kima kuwa, ba a maganar kuɗi a nan. Garin neman gira ake rasa ido. Na wanke gawar abokin aiki da hannuna, kuma duk wanda ya daɗe a wannan sana'a ya yi.

Abin da na ga yana aiki shi ne a tasha a haɗa kai. A tsayar da kuɗin mota ɗaya da kowa zai bi, a sa wa kaya nasu kuɗin daban maimakon a ɗauke su kyauta don jawo fasinja, a rage yawan motocin da ke fita a ranakun da ba kasuwa don wadda ta fita ta cika da wuri. Idan mutum ɗaya ya ƙi obalodi shi kaɗai, yunwa za ta kore shi. Idan tasha ta ƙi, fasinja zai saba.

Akwai hanyar rage shan mai da ba ta da haɗari?

Akwai, kuma ba ta da tsada. Iskar taya ta zama daidai, a gwada ta da safe wajen mai faci kafin ta yi zafi. A wanke ko a canza matatar iska, musamman da hunturu lokacin ƙura. A canza fulogi da baƙin mai a kan lokaci. A kashe inji idan ana jiran lodi. A bar fizga da taka birki ba dalili. Gudu ma yana shan mai: ƙa'idar motar haya kilomita 50 ce a awa a cikin gari, 80 a babbar hanya, 90 a tagwayen titi, kuma wanda ya tsaya a nan ya tsira da mai da tara gaba ɗaya.

Wadda nake roƙon a bari ita ce kashe inji a gangara don a tsimi mai. Da inji ya mutu ƙarfin birki yana raguwa bayan taku ɗaya ko biyu, sitiyari ya yi tauri. Abin da za ka tsima bai kai cikin kofi ba.

Idan za ka sayi taya ta hannu, duba lambobi huɗu da ke gefenta. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. FRSC tana ɗaukar shekara huɗu daga wannan rana a matsayin wa'adin taya, ko da zanenta bai sude ba.

Mayar da mota ta koma amfani da iskar gas fa?

Gwamnatin tarayya ta fara shirin CNG, wato iskar gas ta mota, a 2023, kuma iskar ta fi fetur araha. Tambayar da za ka fara yi ita ce a ina za ka riƙa sha a hanyar da kake bi. Idan sai ka yi doguwar tafiya kafin ka samu, ribar ta tafi. Kuma a cibiyar da aka amince da ita kaɗai ake yin aikin. Tukunyar gas ɗin girki ko wadda mai walda ya ƙera ba ta ɗaukar matsin wannan iska, fashewa take yi.

Idan tankar mai ta faɗi kusa da garinmu, me za mu yi?

Ku gudu, ku kori yara, ku hana kowa matsowa.

A daren 15 ga Oktoban 2024 wata tanka da ta taso daga Kano ta kife a Majiya, cikin ƙaramar hukumar Taura, a kan wannan hanya tamu. Mai ya malala cikin kwata, jama'a suka fito da bokitai da jarkoki, wuta ta tashi. Fiye da mutum 150 suka rasu, akasarinsu matasa, aka binne da yawa a kabari ɗaya. Allah Ya jiƙansu Ya ba iyalansu haƙuri. A makonnin ne lita ta haura ₦1,000, kuma duk wanda ya san abin da jarka ɗaya take nufi ga gidan talaka a lokacin ya san abin da ya fito da su.

Ba ruwan fetur ɗin ne ke fara kamawa ba, tururinsa ne. Ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa yana kwanciya a kwata da rami, ya yi nisa da inda tankar take ba tare da an gan shi ba. Tartsatsin bokitin ƙarfe a kan kwalta, tayar da babur, ko murhun mai shayi a can gefe ya isa. Idan kana jin warin mai, kana cikin haɗari, ka ƙara nisa ta ɓangaren da iska ke fitowa. Direbobi su tsaya tun daga nesa su kashe inji, kada a ce za a lallaɓa a wuce ta gefe. Masu shayi da masu tsire da masu tuya su kashe wuta. A sanar da mai gari da limami su yi shela da lasifikar masallaci, a tura manya su tare hanya ta ɓangarorin biyu, a kira 'yan sanda da 'yan kwana-kwana, a kira FRSC a lamba 122, kyauta ce.